Kawu Mai Ido da Hannun da Ya Zaɓa

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. An yi sadakar arba'in, an naɗe tabarmi, baƙin da suka zo daga arewa sun hau lori a tashar Kejetia sun koma garuruwansu. Yanzu da gida ya yi shiru na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi, domin na ji yadda ake ba da labarinsa a zaman makoki, kowa yana farawa daga tsakiya yana ƙarewa inda ya ga dama. Ni zan bi abin daki-daki, yadda ya koya mini.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A zango, unguwarmu ta Hausawa, ba a kiransa da sunan yanka, sai Baba Mai Ido, saboda a ɗakin ido na babban asibiti ya ƙare ƙarfinsa yana taimakon Dokta. Ni ma a can nake aiki, shi ya kai ni. Akwai kuma mutum na uku a ɗakin, mijin 'yar Kawu, wanda zan kira Suruki a wannan rubutu, domin matsayinsa ke nan a gidan.

Zan fara da masu ta'aziyya, tunda su suka sa na ɗauki alƙalami. Na zauna kusa da ƙofar zaure, wurin da ya dace da jinin mamaci. Wata tsohuwa daga cikin Tonawa, 'yan asalin garin nan, ta zo tun daga unguwar Atonsu, da tabarau mai kauri a fuskarta, tana cewa "Due, due," wato sannu da rashi a yarensu. Ta wuce ni kamar ta wuce turmi, ta je ta kama hannun Suruki biyu tana kuka. Bayanta wani direban lori ya shigo, ya tsaya a kaina.

"Malam, ina ɗan mamacin?"

Na ce, "Mamacin bai bar ɗa namiji ba. Ni ne ɗan ƙanwarsa."

Ya ce, "Allah sarki, Allah ya ji ƙansa. To ina wancan, mai yawan dariya, wanda yake riƙe wa mutum kai?"

Na nuna masa da haɓa. Haka aka yi ta yi har aka tashi makoki. Na san fuskokinsu duka. Wasu ni na gwada musu ido, wasu ni na wanke musu ruɓa da hannuna, amma gaisuwar da nake samu ita ce ragowar wadda aka kai wa Suruki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa tun ranar farko ya faru, kafin a kai Kawu makwanci. Ina gidana a unguwar Dichemso da hantsi aka aiko mini cewa ya cika. Na hau keke ko hula ban sa ba. Da na shiga ɗakin na tarar an riga an rufe masa ido, an ɗaure haɓa, an miƙe hannuwa. Ban tambayi wanda ya yi ba, domin Suruki yana tsugune a gefen gado. Ana cikin haka Liman ya leƙo ya ce, "Jama'a, rana tana yi. Wa zai yi wanka?" Sai na ga mutanen baranda, manya da ƙanana, sun juya suna kallon Suruki. An riga ni rufe ido. Idan aka riga ni wanka kuma, to ban san abin da na zama wa Kawu ba a duk shekarun da na yi a bayansa. Amsar da aka ba Liman zan kawo ta a wurinta. Sai an san Kawu tukuna.

Kawu dogo ne, siriri, ba ya son surutu da safe. Kakinsa kullum a goge, farcensa kullum a yanke har ƙasa, domin ya ce farce maƙiyin ido ne. Yakan riga kowa zuwa ɗakin ido. Abu na farko, ya wanke hannu har gwiwa. Na biyu, ya kunna risho ya ɗora tukunyar tafasa kayan aiki, da hantsaki da almakashi da ƙananan wuƙaƙen Dokta. Na uku, ya dafa ruwan gishirin wanke ido ya ajiye ya huce. Sai an gama wannan sannan ya buɗe ƙofa ya dubi masu jira. Ba ya jera su bisa wanda ya riga wani zuwa. Masu jan ido da masu ruɓa benci guda, can gefen taga; masu yana da masu neman tabarau benci guda. An sha yi masa gardama a kan wannan. Wani attajirin goro ya taɓa cewa shi ba za a zaunar da shi da 'yan dako ba. Kawu ya ce, "Alhaji, idonka ja, nasu ja. Yau ku 'yan benci ɗaya ne. Zauna."

Bayan jeri sai gwaji. Akwai allo a bango mai alama kamar cokali mai yatsu, babba a sama, tana ƙanƙancewa har ƙasa, kowace tana fuskantar wani gefe. Mafi yawan mutanenmu ba su yi boko ba, don haka sai mutum ya rufe ido ɗaya da tafinsa, ya nuna da yatsunsa inda alamar ta juya. Wanda bai ga ko ta sama ba, a ɗaga masa yatsu ya ƙirga. Wanda bai ga yatsu ba, a kaɗa masa hannu. Wanda bai ga hannu ba, a haska masa tocila a tambaye shi ta ina haske ya zo. Dama tukuna, sannan hagu, kullum. Wannan gwajin shi ne rabona, kuma ba a taɓa kama ni da tsallake layi ba.

Sauran aikin yana da yawa. A ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido don Dokta ya leƙa ciki, a kuma gaya wa mutum cewa zai kwana biyu yana gani dishi-dishi, kada ya tuƙa lori. A cire gashin ido da hantsaki ga masu amosanin ido, waɗanda gashin ya juya ciki yana kartar ƙwayar. Wanda za a cire wa yana, a aske masa gashin ido da almakashin da aka shafa wa man magani, don gashin ya manne a jikin almakashi kada ya faɗa ciki. A sa ɗigon shuɗin magani a girar idon da za a yi wa aiki, bayan an tambayi mai idon da bakinsa. A yi wa Dokta tafinta, domin shi Turanci kawai yake ji, Kawu kuwa yana jin Hausa da yaren Tonawa da na Dagombawa, da ɗan abin da ba a rasa ba na Moshi.

Amma babban aikin shi ne riƙe kai. Idan za a cire yana ba a sa mutum barci. Ana kashe idon ne kawai da magani, mutum yana kwance yana jin komai, wuƙa tana aiki a idonsa. Idan ya motsa ko ya yi tari, idon zai iya tafiya gaba ɗaya. Don haka sai wani ya tsaya ta saman gado ya riƙe kan da tafuka biyu har a gama. Shekara da shekaru Kawu ne mai riƙe kai. Kowa a ɗakin ya san wanda aka miƙa wa wannan aikin shi ne magajinsa, ko ba a faɗa ba.

Kawu yana da wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba. Ba ya taɓa fuskar mutum sai ya ce, "Ga hannu nan zuwa." Ko makaho, ko mai gani, ko jariri a bayan uwarsa. Yana da ita a kowane yare da yake ji. Na taɓa ce masa, "Kawu, benci a cike, wannan maganar tana cin lokaci." Ya ce, "Wanda ba ya gani bai san daga ina za a taɓa shi ba. Gaya masa ba ya rage ka da komai." Ni ban ɗauki al'adar ba. A ganina wanda ya zo asibiti ya san taɓa shi za a yi, kuma aiki da baki a rufe ya fi tsafta. Har yau ina ganin akwai gaskiya a wurina.

Yanzu sai yadda Suruki ya shigo. Ɗan ƙabilar Moshi ne, ɗan dako a Kejetia, ƙato mai faɗin kafaɗa. Wata rana ya kawo wani wansa da makantar bakin kogi ta kama. Na lura Kawu ya daina abin da yake yi yana kallon yadda suka shigo. Mutanenmu sukan ja makaho da sanda, na gaba yana riƙe da kai ɗaya, makaho yana riƙe da ɗayan. Shi wannan ya ba wan nasa gwiwar hannunsa ya riƙe, yana tafe yana yi masa hira, yana gaya masa ga tudu, ga kwata, ga wata mai ƙosai tana hararar su. Dokta ya duba ya ce babu abin yi, jijiyar ta mutu. Kawu bai taɓa yin ƙarya a tafinta ba. Ya tsuguna a gaban mutumin ya gaya masa gaskiya a hankali, sannan ya aika aka sayo koko da ƙosai, ya zauna tare da su a baranda har suka shanye. Wannan halinsa ne ga duk wanda aka sallama babu magani: ba ya barin mutum ya fita da mugun labari da yunwa a lokaci guda.

Ba a jima ba sai ga ɗan dakon da tsintsiya a ɗakin ido, Kawu ya nemo masa shara. Daga shara ya koma ɗaukar marasa lafiya, daga nan sai ga shi da kaki irin nawa. A lokacin na riga shi da shekaru. Ina karanta takardar jikin kowace kwalba, shi kuwa da launin murfi yake gane su. Hausarsa a karkace take, mace ma "ya" yake ce mata. "Baba, wannan mata ya ji tsoro, bari ni yi masa magana kadan." Sai ya tsuguna ya yi ta zuba, ita kuma ta yi ta dariya, aiki yana jira.

Da ya nemi 'yar Kawu, Kawu ya ba shi ba tare da dogon bincike ba. Kada wani ya karanta wannan ya ce a nan ciwon yake. Ina da iyalina tun kafin nan, ita kuwa abokiyar wasata ce tun muna yara, har yau ba ta ganina ba ta tsokane ni ba. Ranar ɗaurin auren ma cewa ta yi, "Mai layi-layi, yau ma sai ka jera baƙi, masu jan ido gefe guda?" Na ce mata da an bar ni da na jera, da ba a yi wawar tuwo ba.

Kawu ba mai faɗa ba ne, amma ya yi faɗa ɗaya da zango bai manta ba, kuma da mahaifiyata ya yi shi. Ranar sunan ɗana na fari, mata sun cika tsakar gida, tandun kwalli yana zagayawa, tsinke ɗaya daga wannan ido zuwa wancan. A lokacin ciwon jan ido yana yawo a unguwa. Kawu ya shigo gaisuwa ya tarar Inna ta ɗauki tsinken za ta sa wa jariri. Ya karɓe shi daga hannunta a gaban mata, ya karya, ya jefa a murhu.

Inna ta ce, "Yaya, a gidan ɗana za ka ci mini mutunci? Da wannan kwallin uwarmu ta rene mu, ga ka nan da idonka biyu."

Ya ce, "Ga ni nan da nawa. Ina na ƙanwarmu da ta rasu tana lalube? Ke kin manta, ni ban manta ba."

Inna ta yi wata da watanni ba ta taka gidansa ba. Shi kuma bai ba ta haƙuri ba. Abin da ya yi kawai, ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙananan tsinkayen ƙarfe, ya aika mata da su a ƙulle cikin ƙyalle, ya ce kowace mace a gidan ta riƙe nata. Ta karɓa tana mita. A wannan faɗan ni na tsaya a bayan Kawu, a kan uwata, har ta ce mini ɗan kawunsa. Na rubuta wannan don a san inda na tsaya lokacin da tsayuwar take da tsada.

Akwai kuma ranar kwalba. An canza mana murfin magunguna, maganin buɗe ƙwayar ido ya zo da murfi irin na maganin wanki. Suruki ya ɗauka zai ɗiga wa wani dattijo da Dokta ya hana a sa masa shi. Na riƙe hannunsa kafin ɗigon ya sauka. Kawu ya kira shi bayan ɗaki ya yi masa faɗan da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba, ya kuma kafa doka cewa daga ranar ba zai ƙara ɗaga kwalba ba sai na duba na ce to. Ni kuma ya dube ni ya ce, "Madalla." Na koma gida ranar ina ganin magana ta ƙare. Ranar aiki ta zagayo, aka kwantar da wata tsohuwa, Kawu ya wanke hannu, sai ya ja da baya ya ce, "Yau kafaɗata tana ciwo. Suruki, zo ka riƙe." Ina tsaye da tiren kayan aiki a hannuna. Ba a gardama a ɗakin tiyata. Amma tiren ya yi ƙara, har Sista, babbar nas ɗinmu, ta dube ni.

Shekarar da aka sami 'yancin ƙasa, gari yana ta kaɗe-kaɗe, Kawu ya tsayar da ni bayan an sallami mutane. Ya je ya tsaya a kan layin da marasa lafiya ke tsayawa, ya rufe idon hagu da tafinsa. Ya ce, "Gwada ni. Kada ka yi mini sassauci." Ashe ya lura ɗigonsa ya fara sauka a kan kunci maimakon cikin ido. Na gwada shi yadda nake gwada kowa, dama tukuna, sannan hagu. Dama bai wuce alamar sama ba. Hagu ya ɗan taɓa. Na haska tocila na ga farin yana a zaune. Na gaya masa ba tare da na rage komai ba. Ya ce, "Na sani. So nake in ji daga bakin da ba ya lallashi." Ni ya zaɓa ranar, ba wani ba, kuma na ɗauka sauran ma haka za ta kasance.

Dokta ya sa ranar aiki. Ana gobe, bayan la'asar, na je gidan Kawu. Yana zaune a baranda a kan buzunsa, matarsa tana tankaɗe a gefe. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, gobe ni zan riƙe kai."

Ya ce, "Kai za ka tafasa kaya, ka aske gashin ido, ka sa shuɗi a gira. Suruki zai riƙe."

Na ce, "Kawu, surukinka ne fa. Mutumin da ba ya cin abinci a gabanka, wanda yake tuɓe takalmi tun daga zaure ya tsuguna ya gaishe ka, shi zai kama fuskarka da hannu biyu? Me zango zai ce?"

Ya ce, "Zango ba ya shiga tiyata."

Na ce, "Ni jininka ne. Na riga shi shiga aikin nan. Ban taɓa ɗaukar kwalbar da ba ita ba."

"Ba ka taɓa ba."

"To me na rasa?"

Ya yi 'yar dariya, abin da ba ya yawan yi. Ya ce, "Ɗana, kai idan ka riƙe kan mutum, kamar ka danne akuya za a yanka. Ba ya motsi kam, amma ransa ya riga ya fita. Ni ma tsoro nake ji. Ka taɓa tunanin haka? Shekara nawa ina kallon wuƙar nan tana shiga idon mutane, gobe nawa ne. Ina son wanda zai yi ta zuba mini shirme a kunne har a gama."

Matarsa ta ce, "Malam, ka faɗa da daɗi mana." Ya ce ai da daɗi ya faɗa. Na tashi na yi sallama, ban tsaya shan ruwa ba. Maganar akuyar nan ta zauna mini a ƙirji, kuma ba zan ce ta tashi ba.

Washegari na yi nawa. Na tafasa kaya har suka wuce yadda ake bukata. Na shafa man magani a almakashi na aske masa gashin ido, ko ɗaya bai faɗa ciki ba. Na tambaye shi da bakinsa, "Wane ido?" Ya ce dama. Na sa shuɗi a girar dama. Sannan na koma wurin tire. Suruki ya zo ta saman gado cikin kunya, ya ce, "Baba, ka yi mini gafara, ga hannu nan zuwa." Ya ɗora tafukansa a kuncin surukinsa, ya fara ba shi labarin wani ɗan dako da ya ɗauki kwandon kaji a Kejetia, gindin kwandon ya ɓalle. Kawu ya ce ta cikin haƙora, "Kada ka ba ni dariya, ɗan banza, ido zai zube." Dokta ya gama lafiya. Aka naɗe ido, aka tokare kan da jakunkunan yashi dama da hagu. Kwanakin da ya yi a kwance ba ruku'u ba sujada, da ishara yake salla, yadda shi kansa yake gaya wa mutane. Ni nake canza masa auduga kowace safiya, amma ranar da aka kwance bandeji aka ɗora masa tabarau, Suruki ne a tsaye a gabansa, don haka fuskarsa ya fara gani. Ya ce, "Ashe haka kake da muni." Ɗaki ya ɗauki dariya. Ina bayansa riƙe da kwanon auduga.

Bai koma aiki sosai ba bayan haka. Ya zauna gida yana karatun Alƙur'aninsa da tabarau mai kauri, mutanen unguwa suna kawo masa ido yana dubawa yana cewa su tafi asibiti, kada su yarda da masu yawo da allura suna soke yana a kasuwa. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a daminar bana, bai daɗe ba.

Yanzu na dawo kan tambayar Liman. Ya ce wa zai yi wanka, jama'a suka dubi Suruki. Suruki ya sunkuyar da kai. Sai muryar matar Kawu ta fito daga bayan labule, a dishe saboda kuka.

"Malam Liman, ya bar magana. Ya ce ɗan ƙanwarsa zai wanke shi."

Na ce a raina, to, kunya ce ta ba ni, tunda suruki ba ya ganin tsiraicin surukinsa. Kamar ta ji ni, sai ta ƙara da cewa, "Na ce masa ko saboda kunyar suruki ne. Ya ce a'a, ko babu kunya. Ya ce, ranar ba zan iya buɗe baki in ce an tsallake wuri ba, don haka a ba ni wanda ba ya tsallakewa."

Na miƙe. Na naɗe hannun riga, na wanke hannu har gwiwa. Aka kafa zana a bayan ɗaki, aka kawo ruwa da ganyen magarya da kafur. Suruki ya tsaya a waje, bayansa ga zana, yana miƙo mini buta ta gefe ba tare da ya waiwayo ba. Zan faɗi abin da ke raina a lokacin, tunda gaskiya na zauna rubutawa: na ce shi an ba shi Kawu da rai, ni an ba ni shi bayan rai ya fita. Ban ga rabon ya yi daidai ba.

Na fara yadda aka koya mana. Na yi niyya. Na naɗe hannuna da ƙyalle na tsarkake shi ta ƙarƙashin mayafi. Na wanke masa hannuwa, dama tukuna, sannan hagu. Sai aka zo kan fuska. Na ɗebi ruwa a tafina na tsaya a saman kansa, daidai inda mai riƙe kai yake tsayawa, wurin da ban taɓa tsayawa a kansa ba. Idonsa a rufe, gurbin tabarau ya yi masa sawu a karan hanci. Gashin idon dama da na aske ya fito, gajere bai kai na hagu ba. Hannuna ya ƙi sauka. Ban shirya ba, ban kuma yi shawara da kaina ba, sai na ji bakina ya ce, "Kawu, ga hannu nan zuwa."

Daga bayan zana Suruki ya ce, a hankali, "Ya ji, Yaya. Wanke."

Na wanke. Na bi gefen dama har ƙafa, na bi gefen hagu har ƙafa, na maimaita yadda sunna ta ce, na ƙare da kafur. Ban tsallake ko bayan kunne ba. Da Liman ya shigo sa likkafani ya duba, bai sami abin gyarawa ba.

A ɗakin ido yanzu Suruki ne mai riƙe kai, ni ina kan risho da allon gwaji da kwalabe, kuma ba ya ɗaga kwalba sai na ce to. Idan tsofaffin marasa lafiya suka shigo suka wuce ni suka rungume shi suna tuna Baba Mai Ido, har yanzu raina yana sosuwa, ba zan ɓoye ba. Amma hannu na ƙarshe da ya taɓa fuskar Kawu a duniyar nan nawa ne, kuma shi ya ce a yi haka.

Allah, ga bawanKa nan ya zo, wanda bai taɓa taɓa fuskar makaho ba sai ya sanar da shi. Kada Ka bar shi cikin duhu. Ka haskaka masa kabarinsa, Ka sa mala'ikunKa su zo masa da sallama, Ka gafarta masa, Ka ba matarsa da 'yarsa da ƙanwarsa haƙuri. Mu biyu da ya bari a ɗakin ido kuma, Ka ba kowa ikon riƙe abin da aka ba shi. Amin.